Yadda Tunau Ya Fanso Jikarsa da Goge

A wani zamani da ya shuɗe, a Birnin Zarrau mai ganuwar jan dutse da ƙofofin tagulla, an yi wani dattijo mai suna Tunau ɗan Nomau, jikan Bagudu, wanda ya gaji goge kaka da kakanni, makaɗin sarakuna, mai sa jarumi ya tuna ubansa, mai sa azzalumi ya sunkuyar da kai. Duk duniya ba abin da ya fi so kamar jikarsa Yalwa, marainiya 'yar ƙarama mai wushirya, wadda dariyarta kan cika gida tun daga zaure har ƙuryar ɗaki.

Wata rana da hantsi Yalwa tana wasa a gindin tsamiya, sai wata guguwa ja wur ta taso ta naɗe ta, ta yi sama da ita. Daga cikin guguwar aka ji murya tana cewa, "Dargazu, Sarkin Aljanun Dutsen Kwalli, shi ya ɗauki yarinyar nan. 'Ya'yansa sun manta dariya tun rasuwar uwarsu, za ta zauna ta koya musu."

Tunau bai tsaya kuka ba. Ya rataya gogensa, ya ɗauki gora da sanda, ya nufi gabas. Ya keta dajin da itatuwansa ke tafiya suna sauya masa hanya, ya haye kogin da ruwansa ke gudu sama maimakon gangare, ya ratsa Birnin Shiru inda ake ciniki da ido ba da baki ba, har tafin ƙafarsa ya tsattsage, kafin ya iso fadar Dargazu, wadda aka gina da baƙin dutse mai sheƙi, doguwa, mai sanyi ƙalau.

Can ya hango Yalwa zaune cikin 'ya'yan aljanu, ta yi tagumi kamar su. Maimakon ta koya musu dariya, su suka koya mata shiru. Zuciyar tsohon ta karye, amma ya daure ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, mai dutse da abin da ke ƙarƙashinsa, jikata na zo nema."

Dargazu ya dube shi da idanu jajaye kamar garwashi, ya ce, "Ya kai bil'adama, ni ba ɓarawo ba ne, uba ne da abin duniya ya dama. In ka sa 'ya'yana dariya kafin rana ta faɗi, ɗauki abarka. In ka kasa, ku biyun kun zama nawa har abada. Kuma kada kalma ta fita bakinka, don masu ban dariya sun gwada magana, ba ta yi ba."

Tunau ya gyara zama, ya ja izga a kan gogensa, ya saki taken sarakuna, mai nauyi, mai ƙasaita, wanda ya fi gwaninta a kai. Fadawan aljanu suka miƙe suna jinjina, Dargazu kansa ya gyaɗa kai. Amma yaran sai suka tsorata, suka ɓuya bayan ginshiƙai. Rana kuwa ta riga ta karkata.

Sai tsohon ya sauko daga shimfiɗar da aka ba shi, ya zauna a ƙasa dirshan, daidai tsayin yaran. Ya fara wani ɗan sauti siriri, gajere gajere, kamar ɗan tsako yana bin uwarsa. Sautin ya riƙa hawa, yana tsalle, yana ƙara sauri, ya kai can sama, sai Tunau ya tsaya cak. Fada ta yi tsit. A cikin shirun nan Yalwa ta ɗaga kai, ta tafa hannu. Ya maimaita, ya sake tsayawa, ta sake tafawa. Autan sarki, wani mai kunnuwa fatan-fatan da ake kira Ƙundu, ya leƙo, shi ma ya tafa. Ɗaya bayan ɗaya suka fito suka kewaye shi, goge na kira, tafi na amsawa. Da ya ga sun saba, sai ya yi kamar zai tsaya, suka tafa gaba ɗaya, shi kuwa ya zarce da gudu ya bar su. Ƙundu ya dubi hannuwansa, ya dubi tsohon, ya ƙyalƙyale da dariya har ya faɗi. Nan da nan sauran suka kama, Yalwa a gabansu, har dutsen ya amsa.

Dargazu ya share hawaye, ya ce, "Wane sihiri ne wannan, ya kai dattijo?"

"Ba sihiri, ranka ya daɗe. Manya kan so a yi musu kiɗa ne, yara kuwa so suke a bar musu wuri a cikinsa."

Sarkin ya cika alkawari, ya sa aka kai su ƙofar Zarrau kafin magariba, Yalwa na barci a bayan kakanta. Sarkin Zarrau ya naɗa Tunau Sarkin Kiɗa, ya ce ya roƙi abin da yake so. Abu ɗaya ya roƙa: duk ranar da za a yi kiɗa a fada, a buɗe wa yaran gari ƙofa, su zauna a gaba. Haka aka yi har ƙarshen ransa. Allah Ya raya mana zuriya cikin farin ciki, amin.