Tsakuwar da Ta Rage a Ƙoƙon Tabawa

Dalilin da ya sa in kuka tambayi uwa 'ya'yanta nawa sai ta haɗe rai, ku matso ku ji.

A da can babu ƙirge. Akuya da kamanninta ake saninta, mutum da sunansa.

Akwai wata mace, Tabawa, mijinta ya rasu ya bar mata awaki da ɗa tilo, Jatau. Ƙanen mijin ke kai awakin kiwo, kullum garke na raguwa.

"Ina mai farin goshin nan?" in ji ta.

"Yaya, tsufa ne ya soma taɓa ki. An taɓa yin ta?"

Sai ta ɗauko ƙoƙo. Da safe duk akuyar da ta fita, ta jefa tsakuwa. Da yamma duk wadda ta shigo, ta cire. Ranar da tsakuwa ta rage, ta ja ƙanen mijin gaban mai gari, aka je gidan ƙanen aka fito da akuya daga bayan rumbunsa. Daga nan aka soma raɗa wa tsakuwoyin suna: ɗaya, biyu, uku.

A lokacin sarki kan aiko a kwashi samari ginin ganuwa, iyaye su ɓoye wasu cikin dawa, ba mai gane an rage. Mai gari ya kira Tabawa.

"Ki bi gida-gida, kowane saurayi tsakuwa."

"Ranka ya daɗe, ba kyauta ba. A ba ni fadamar bakin rafi, kuma kada a kira sunan Jatau."

"An ba ki."

Ta bi gidaje tana jefawa, mata na roƙonta ta tsallake 'ya'yansu, ita kuwa tana ce wa kowacce: "Ni za ki ɓoye wa? A gabana kika haife su."

Ranar tafiya, samari na wucewa, ana cirewa. Tsakuwa ɗaya ta rage, mai ita ya gudu. Manzon sarki ya waiga, ya damƙi Jatau.

"Mun yi ciniki, ba a kiran sunansa," in ji Tabawa.

"Wa ya kira shi, Iya? Tsakuwa ba ta san suna ba. Mutum nake so."

Da damina ganuwar ta rufta da Jatau. Tsakuwar kawai aka aiko mata. Babu macen da ta shigo yi mata gaisuwa, fadamar kuwa ciyawa ta cinye.

Shi ya sa har yau muke ƙirga goro da awaki, amma in an zo kan 'ya'ya sai mu ce, "Suna nan, mun gode Allah," mu ja bakinmu mu yi shiru.