Akwatin da Aka Riga Aka Ƙirga

An yi wani mahauci da ya sare hannun malamin makaranta a rumfar zaɓe.

Wani ɗan takara ne ya kira shi ya ce, "Mutanen rumfar nan ba namu ba ne. Ɗauko min akwatin. In na hau kujera, kai ne shugaban mahauta."

Mahaucin bai taɓa jefa ƙuri'a ba. A ganinsa wanda ya ɗauke akwati ya ɗauke zaɓe. Bai san cewa ana zazzage ƙuri'u a kan tebur a gaban jama'a ba. A ɗaga kowace a nuna, a ƙirga da ƙarfi, a rubuta sakamako, wakilin kowace jam'iyya ya sa hannu ya karɓi takardarsa.

Ya iso bayan la'asar, an gama duk wannan. Ajin makaranta ne, an tura bencina jikin bango. Malamin da aka ba aikin rumfar yana rufe akwatin. Mahaucin ya kai hannu zai ɗauka, malamin ya dafa akwatin ya ce, "Bawan Allah, an gama ƙirga. Me za ka yi da shi?"

Mahaucin ya zaro adda. Sara ɗaya a wuyan hannu, yadda yake raba gaɓar saniya. Jini har kan allo.

Bai kai bakin titi ba jama'a suka cim masa da duwatsu da ƙafafun benci. Suka karya masa ƙugu, suka fasa masa ido. Da ƙyar 'yan sanda suka ƙwace shi. Sakamako ya tafi yadda yake, ko ƙuri'a ɗaya ba ta motsa ba. Ɗan takarar ya ce bai taɓa ganinsa ba. Alƙali ya ba mahaucin shekara tara.

Ya 'yan uwa, me ya samu? Ƙuri'a shaida ce, wanda ya taɓa ta ya taɓa amanar jama'a. Laifin da ke tsakaninka da Allah, tuba na wanke shi. Haƙƙin mutum kuwa sai mai shi ya yafe. Allah ya tsare hannayenmu daga jinin bayinsa.

Da mahaucin ya fito daga kurkuku, ƙanwarsa ta turo shi a keken guragu har ƙofar malamin. Suka same shi yana duba littattafan ɗalibai da hagu.

Mahaucin ya ce, "Malam, ciwo ya ci ni, kwanana sun ƙare. Ina tsoron kabari. Ka yafe min."

Malamin ya ajiye biro, ya dube shi.

"Ban yafe ba. Baiwar Allah, juya da shi."