Inuwar Ƙaramar Hukuma

Wata rana kansiloli suka zauna suka yanke cewa, don tafiya da zamani, inuwar darbejiyar kasuwa ta zama mallakar ƙaramar hukuma. Duk mai zama a cikinta sai ya biya harajin raya gari. Iya Tabawa mai ƙosai ta ce ko sisi, aka kai ta gaban Ciyaman.

Ya ce, "Iya, ko ki biya, ko ki dawo mana da inuwarmu da kika sha."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, inuwar nan tabbas taku ce?"

"Tamu ce, safe da yamma."

"Kuma ku kuka yi shela cewa da damina kowa ya ɗaure abinsa, wanda nasa ya shiga gonar wani ya biya ɓarna?"

"Mu ne."

"To, kullum bayan la'asar abarku sai ta tsallake shingena ta kwanta a kan gyaɗata, har ta ƙi 'ya'ya. Na yi korar duniya, ko gezau. Ku zo da igiya ku ɗaure ta, ku biya ni ɓarna, sannan mu yi maganar wadda na sha."

Ciyaman ya dubi kansiloli. Can ya ce, "A sanar da gari, daga yau inuwa ta koma hannun Allah."