Sharon Ƙarya a Mabera

Ya 'yan uwa, a garin nan namu na Sakkwato an yi wani mutum, mazaunin Mabera, wanda gwamnati ta damƙa wa kuɗin bikin al'adu. Aka ce ya tara Fulani da Zabarmawa da Dakarkari da Yarabawan gari, kowa ya nuna gadonsa a ba shi haƙƙinsa.

Tun ranar da kuɗin suka shigo hannunsa ya daina yarda da kowa. Wanda ya gaishe shi, rabo yake nema. Wanda bai gaishe shi ba, ƙararsa zai kai. Me ya kawo wannan zargi? Ya san abin da ya ƙudura a ransa, sai ya ɗauka kowa irinsa ne.

Arɗo Mode, shugaban Fulanin bayan gari, ya zo har ƙofar gidansa ya ce, "Alhaji, in sharo kaka so, bari mu kawo samarinmu. Abin ga ba wasa na ba." Mutumin ya ce a ransa, tsoho ya ji ƙanshin kuɗi. Ko ruwa bai ba shi ba.

Sai ya sayo kayan Fulani a kasuwa ya sa wa 'yan gidansa. Babban ɗansa Jalaluddeen zai tsaya a fili, wani ɗan uwansa ya riƙa shafa masa tsumagiya a hankali, kuɗin Fulani su kwana a aljihu.

Ranar biki Jalaluddeen ya tuɓe riga, ya ɗaga hannuwa, ya yi kirarin da aka koya masa. Uban bai san cewa wanda ya tsaya haka a sharo duk sa'anninsa ya gayyata ba. Wani saurayin Bafulatani cikin 'yan kallo ya fito da tsumagiyarsa, ba da mugunta ba, kira ya amsa. Jalaluddeen ya firgita ya sunkuya, bulalar ta same shi a idon hagu.

Manyan baƙi suka tambaya ko ɗan wane ne. Nan take asiri ya tonu. Aka tsige mutumin daga aikin bikin, abin da ya ɓoye ya ƙare a asibiti, idon kuma bai dawo ba. Har yau mutumin yana rantsuwa Arɗo ne ya turo saurayin. Ina tausayinsa, wallahi.

Ya 'yan uwa, mai cin amana ba ya iya jin nasiha, domin kowace murya ta ɓarawo yake ji. Yanzu idan mutumin nan ya shigo zaure ta hagun ɗansa, sai ya yi magana kafin ɗan ya san ya zo.

Allah ya kiyaye mu daga cin amana da mugun zato. Amin.