Kaskon Karnukan Lado

A bayan Ƙofar Gayan akwai wani mafarauci mai suna Lado. Mutumin kirki ne, amma yana da taurin kai, kuma a ganinsa duk Zariya babu wanda ya kai shi sanin kare. Yana da tsohuwar karya, Walƙiya, jikar karnukan mahaifinsa. Ta haifi 'yan kwikwiyo huɗu, kuma da ganin yadda ta tsufa, kowa ya san haihuwar ƙarshe ke nan. In suka mutu, irin ya ƙare.

Wata Laraba wani abokin farautarsa ya ba shi kyautar ɗan kwikwiyo daga ƙauye. Lado yana da al'adar da ya gada: baƙon kare sai ya ci tuwo a kasko ɗaya da na gida tun ranar farko, don su saba. Yana cikin zuba tuwon sai ga ɗan ƙanwarsa Abdulbaƙi, likitan dabbobi, ya zo gaisuwa. Ya tsuguna ya dubi baƙon, ya ga jikinsa a mace, gindinsa a jiƙe.

"Kawu, wannan zawo yake yi. A ware shi sati biyu. Waɗannan huɗun an yi musu allurar rigakafi?"

Lado ya yi dariya. "Allura ga kare? Kai yaro, tun ba a haifi uwarka ba nake kiwonsu. Canjin ruwa ne kawai."

Ya tura kaskon gabansu, su biyar suka sa baki.

Kwana biyu baƙon ya mutu. Lado ya ce dama can ba mai rai ba ne. Ran kwana na biyar, ɗaya cikin huɗun ya ƙi tuwo, ya fara amai, sai zawo mai jini da wari irin wanda ke korar mutum daga tsakar gida. Lado ya sayo kafso ja da yalo, ya ɗura masa. Washegari biyu suka kwanta. Matarsa Hidaya ta ce, "Malam, don Allah ka kira Abdulbaƙi." Ya ce shi ba zai kira ɗan da aka yi wa suna a gabansa ya koya masa kare ba. Ya ƙara kafso, ya haɗa da jiƙon saiwa.

Sai da na farko ya mutu, na biyu ya bi shi, sannan ya ɗauki waya ya kira Abdulbaƙi.

Abdulbaƙi ya zo da jakarsa. Ya ja fatar wuyan ɗaya, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Ya ce, "Kawu, wannan cutar fabo ce. Ƙwayar cuta ce irin wadda ake kira bairos, kafso ba ya kashe ta. A kashi take yaɗuwa, ta bi kasko, ta bi ƙasa, har takalminka. Ruwan jikinsu ne ya ƙare."

Ya ɗaura wa biyun da suka rage ƙarin ruwa. Lado ya riƙe ledar a sama har kafaɗarsa ta sage. Kafin la'asar ɗaya kwikwiyon ya mutu. Ta ƙarshen, mace mai farin goshi irin na uwarta, ta kai hantsin washegari, ita ma ta tafi.

Aka wanke wurin da bilic, ruwan kashe ƙwayoyin cuta. Abdulbaƙi ya ce kada a kawo wani kwikwiyo gidan sai bayan watanni masu yawa, kaskon kuma a fasa shi, don yumɓu yana shan dauɗa. Lado da hannunsa ya fasa kaskon, wanda ya gada wurin mahaifinsa. Walƙiya ta zo tana shinshina gutsattsarin, tana waiwaye. Ni mai ba ku labarin nan na san Lado shekara talatin, ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Darasin a fili yake. Daɗewa a sana'a ba ya nufin an gama saninta, kuma gaskiya ba ta raguwa don ta fito daga bakin na baya. Baƙuwar dabba a ware ta, ƙanana a yi musu rigakafi, in zawo ya zo da jini a nemi likita tun da wuri. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.