Na'urar da Ta Hana Malam Hodi Shan Ruwa

A shekarun farko na Jihar Kebbi an yi wani ɗan kwangila a unguwar Gesse ta babban birnin jihar mai suna Abdussamadu. Ɗan manomin shinkafa ne daga Argungu, amma tun da ya samu ya fara tafiya kamar ƙasa na yi masa ƙazanta. Babu abin da yake so irin a ce shi ne ya fara mallakar abu a garin.

Wata rana ya dawo daga Legas da na'urar tsaron gida. An liƙa wasu ƙananan idanu a falo da baranda, waɗanda in sun ga motsin mutum sai jiniya ta ɗauki kuka har a unguwar Nasarawa a ji. Mai haɗawar ya nuna masa yadda ake kashe idanun cikin gida idan akwai mutane, a bar na waje kawai. Abdussamadu ya taɓe baki ya ce shi ba ya yin abu rabi-rabi. Lambar kashewa kuwa ko matarsa Zuhura bai ba ta ba.

Ana nan sai aka kawo mahaifinsa, Malam Hodi, daga Argungu don jinyar ciwon ƙoda. Likita ya ce lallai ya riƙa shan ruwa da yawa. Aka sauke tsohon a ɗakin ƙarshen baranda, inda babu famfo babu bayi.

Ranar Asabar Abdussamadu ya tara abokansa a ƙofar gida, ya kunna na'urar yana yi musu bayani kamar shi ya ƙera ta. Tsohon bai sani ba, ya fito da butarsa zai yi alwala. Jiniya ta tsage da kuka, maƙwabta suka fito da sanduna. Da aka ga wanda ya tayar da ita, sai abokan suka bushe da dariya.

"Haba Baba!" in ji Abdussamadu. "Mi yaf fiddo ka? Nan ba Argungu ba ce da za ka riƙa yawo awa cikin fadama. Ka ba ni kunya gaban mutane!"

Malam Hodi ya sunkuyar da kai. "Yi haƙuri, ɗana. Ban ƙara."

Wallahi ko baƙo ba a yi masa haka, balle uban da ya sha laka da sauro ya ciyar da kai. Amma Abdussamadu ko a jikinsa, ya koma ya ci gaba da surutunsa.

Bayan kwana huɗu, Zuhura ta tafi suna da sassafe. Watan Afrilu ne, zafin da ke sa kwalta ta yi laushi. Da Abdussamadu zai fita, ya danna lambobinsa kamar kullum. Ya tuna da tsohon kuwa, domin har leƙa ɗakin ya yi ya ce, "Baba, na kunna ta. Yanzu ni ka dawowa." Bai dubi butar da ke gefen tabarma ba, wadda ruwanta bai kai rabi ba.

Yanzun nan tasa ta kai har la'asar, saboda ya tsaya cin kifi da hira da manyan ma'aikata. Da ya dawo ya tambayi maƙwabcinsa Maigandi ko an ji kukan jiniya. Maigandi ya ce ba a ji komai ba. Abdussamadu ya yi murmushin jin daɗi, wai gida ya zauna lafiya.

A bakin ƙofar ɗaki ya tarar da mahaifinsa kwance, leɓunansa sun bushe sun tsattsage. Ashe da ɗan ruwan butar ne tsohon ya yi alwalar azahar. Randar ruwa tana nan a ɗaya ƙarshen baranda, taku goma sha biyu kacal, amma bai yarda ya ƙetara ba.

Maigandi ne ya taimaka aka kai shi asibiti. Likita ya duba shi ya girgiza kai, ya ce ƙodar ta riga ta gaza. Washegari da hantsi Malam Hodi ya buɗe ido, ya ga ɗansa tsaye a kansa yana hawaye. Ya kama hannunsa a hankali.

"Ba ta yi kuka ba ko?" ya tambaya da ƙyar. "Ban motsa ba, ɗana. Ko kaɗan ban motsa ba."

Bai sake magana ba, kafin azahar ya cika.

Ya kai mai karatu, na'ura ba ta san uba ba, ba ta san ɓarawo ba. Wanda ya kunna ta shi ya kamata ya sani. Kayan zamani an yi su ne don su tsare mutanen gida, kuma duk wanda girman kai ya sa ya fifita kayansa a kan iyayensa, zai tsare bango da kujeru ya rasa abin da ba a sake samu. Ka kiyayi harshenka a kan tsofaffinka, domin kalma ɗaya ta wulaƙanci tana iya ɗaure su fiye da igiya.