Baƙin Salatif a Motar Yaya Mai Ƙwai

Wannan labarin ba ce mini aka yi ba, ba kuma a waya na tsinta ba. Da idanuna biyun nan na gani, ina zaune a kan bencin gareji, lokacin ma ban fara sa tabarau ba. Wanda ya ce ƙarya nake ya zo in nuna masa bencin, har yanzu ƙafarsa ɗaya bulo ce.

Akwai wani bakanike da ake ce wa Kunnen Zomo. Mota na shigowa gareji zai ɗaga hannu kowa ya yi shiru, ya karkata kai, ya lumshe ido, ya ce, "Filogi ne." A buɗe, a tarar shi ɗin ne. Gaskiya ya iya aiki. Sai dai shi ma ya san ya iya, kuma nan matsalar take.

Maƙwabcinsa mai gyaran wayarin mota yana da wata 'yar kwamfuta da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari ta faɗi ciwon mota. Kunnen Zomo ko kallonta ba ya yi. Cewa yake, "Wannan ai abar kurame ce."

Yana da yaya mace, ita ta raine shi tun yana yawo ba wando. Sana'arta ƙwai, ta saro daga gona ta raba wa masu shaguna. Ta gaji da wulaƙancin motar haya, ta yi tari har ta isa sayen tsohuwar a-kori-kura, ta ce ba za ta biya ba sai ƙaninta ya saurara mata.

Suka je wurin dillali. Dillalin ya riga ya ɗumama injin, kuma ƙafarsa ba ta bar totur ba, sai vum vum yake yi yana washe baki. Kunnen Zomo ya karkata kai kamar yadda ya saba, ya ce, "Yaya, ki saya ido rufe. Sabon inji ne a tsohuwar riga."

Ta saya. Da kanta take tuƙa abarta.

Ba a jima ba wata fitila mai ruwan gwaiduwa ta kama a gaban sitiyari, mai zanen inji. Daga nan mota ta fara hali. A guje lafiya lau take, amma da an tsaya a danja sai ta kama rawar sanyi kamar mai zazzaɓi, ta mutu. A tayar, ta yi tsalle. Mota mai tsalle kuwa da kiret-kiret na ƙwai a baya, kun san abin da ake kwashewa.

Kunnen Zomo ya ce ƙaramin abu ne. Ya canza filogi. Ya cire kan batir ya mayar, fitila ta mutu, ya ce an gama. Ta dawo. Ya canza matatar mai, ya wanke nozul, ya cire kan batir. Ta dawo. Ya canza sansa, 'yar na'urar da ke auna hayaƙi a jikin salansa. Fitilar nan kamar tana jiran ya juya baya, ta sake buɗe ido.

Rannan da hantsi Yaya ta shigo gareji, ƙwai na ɗiga daga bayan mota, ƙudaje na yi mata rakiya. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ta miƙa masa makulli.

"Auta, mai babban shagon nan ya ce in na ƙara makara, ko na kai masa fasassu, ya samu wani. In ya bar ni, ƙananan ma binsa za su yi."

"Yaya, ki ba ni zuwa gobe."

"Ba gobe na zo nema ba. Tambaya ɗaya ce. Ka san abin da ke damunta, ko ba ka sani ba?"

Ya daki ƙirji. "Ni? Na sani mana."

Wallahi bai sani ba.

Tana tafiya ya zauna a cikin motar, ya rufe ƙofa. Akwai wata dabara da 'yan sana'ar suka sani, ba a dai faɗa a fili. A ja wayar totur kaɗan, silo, wato gudun inji a tsaye, ya hau, mota ta daina mutuwa a danja. Sannan a kwance allon mita, a manna baƙin salatif a bayan fitilar. Mai mota ya tafi yana sa albarka. Ciwon kuwa yana nan yana cin injin a ɓoye, har ranar da zai ƙone a tsakiyar hanya, a ce tsufa ne.

Ya yanko salatif, ya manna a yatsa. Ya kwance allon, ya juya bayansa.

Sai ga wani guntun baƙin salatif, tsoho, ya nannaɗe ya faɗo a gefe. Ga tabon danƙonsa nan zagaye da fitilar. Zafin rana ne ya ɓanɓare shi, shi ya sa fitilar ta bayyana.

Ya dubi tsohon. Ya dubi na yatsansa. Kalarsu ɗaya, faɗinsu ɗaya.

Mai faci, wani tsoho abokin wasansa da ke bakin garejin, ya leƙo ta taga. "Injiniya, rauni ka ji a yatsa?"

"Dillalin nan ɓarawo ne," in ji Kunnen Zomo.

"To, shi ɓarawo ne. Kai kuma da naka a hannu, mai gadi ne?"

Kunnen Zomo ya sake duban yatsansa. Ya murje salatif ɗin ya jefar, ya mayar da allon yadda yake. Ya fito ya ce, "Motar nan ba za ta bar garejin nan ba sai fitilar ta mutu don kanta." Ya miƙe zuwa shagon mai wayarin. 'Yar tafiya ce, amma yadda yake jan ƙafa sai ka ce kotu za shi.

Mai wayarin ya gyara zama. "Lafiya, maigida? Ko kunnen ne ya toshe?"

"Yi dariyarka ka ƙoshi, sannan ka ɗauko abar kuramen."

Aka jona. Lambobi biyu suka fito, magana ɗaya suke yi. Mai wayarin ya fassara: iskar da ke shiga injin ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, kuma a ɓangarori biyun injin duka.

"To wane kaya ta ce a canza?"

"Ba ta ce ba. Ciwo take faɗa, ba ta rubuta magani. Sansan da ka cire ma lafiyarsa ƙalau, gaskiya ya faɗa ka kore shi daga aiki."

Kunnen Zomo ya haɗiye wannan. Ya ce a bar ta a jone, a tayar da mota. A silo, kwamfutar ta nuna injin yana ta ƙara wa kansa mai kamar mai ƙishirwa. Ya taka totur, sai lissafin ya sauko ya daidaita. Ya saki, ya sake haurawa. Ya maimaita har mai wayarin ya fara hamma.

"Tsaya," in ji Kunnen Zomo. "In famfon mai ne ya gaji, ai a guje za ta fi jin yunwa, ba a tsaye ba. Wannan ba mai ne ya ragu ba. Iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, ba ta bi ta ƙofa an ƙirga ta ba. Akwai ɓula."

Ya kafa kunne yana neman tsiiii ɗin iska. Fanka na huci, bel na ƙara, bai ji komai ba. Ya bi tiyo-tiyo da hannu, injin ya ƙone shi a tsintsiyar hannu, bai fasa ba. Rana ta take, aka kawo abinci, ya ce a ajiye.

Mai faci ya ce, "Ni dai in taya na yoyo, a baho nake tsoma tib in ga inda ke kumfa."

"Sai ka kawo bahon mu tsoma injin."

"Ruwa ba zai yiwu ba. Amma iska in ka ba ta kala, ai za a gan ta."

Kunnen Zomo ya tsaya da sifana a hannu. "Hayaƙi."

Aka samo tsohon gwangwanin fenti, aka huda murfin biyu. Aka jiƙa tsumma da mai, aka kunna aka kashe ya bar turnuƙu, aka rufe a ciki. Tiyo ɗaya zuwa famfon iska na mai faci, ɗaya zuwa cikin injin. Aka kashe mota, aka toshe bakin shigar iska da leda.

Ni aka ba gwangwanin in riƙe, don a duk layin ba wanda ya kai ni ƙarfin hannu. Mai faci ya danna famfo da zuciya ɗaya. Murfin ya tashi sama, ya tafi da hulata har kan rufin kwano. Muka yi ta tari kamar tsofaffin awaki.

Kunnen Zomo ya goge hawaye ya ce, "A sake. A hankali, Baba, ba tayar tirela ba ce."

Aka sake. Shiru. Aka ƙara tsumma, aka sake. Can sai ga wani siririn hayaƙi kamar zare yana tasowa daga bayan injin, wani lungu da ido ba ya kaiwa. Ya kwanta a kan injin, ya zura hannu har kafaɗa, ƙarfe na yankarsa, ya zaro wata 'yar roba mai lanƙwasa, ba ta wuce babban yatsa ba. Ta tsage ta ƙasa. An naɗe ta da baƙin salatif, zafi ya narkar da shi.

Ya sa sabuwa. Mai wayarin ya goge lambobin. Injin ya tashi ya zauna lif, ko kofin ruwa ka ɗora ba zai girgiza ba.

Da can, nan zai daki ƙirji. Wannan karon ya ce, "Sai ta yi aiki da kaya tukuna."

Da safe ya shiga gefen Yaya suka ɗauki hanya, baya cike da ƙwai. Suka zo danjar da ta saba mutuwa, ja ta tsayar da su. Yaya ta riƙe sitiyari tana jiran rawa. Ba rawa. Ta dubi allon, ba fitila.

"Yaya, jiya ƙarya na yi miki. Ban san ciwon ba. Ranar saye ma an yaudari kunnena. Kuma saura kaɗan in rufe miki fitilar da salatif, yadda dillalin ya yi."

Ta juyo ta dube shi. "Da ka rufe, da ban sani ba."

"Sai ranar da injin ya ƙone."

Kore ta kama. Ta sa giya, mota ta tashi sumul. Suka isa ƙofar babban shagon. Mai shagon ya fito, ya dubi agogo, ya ɗaga kiret ɗin sama, ya ɗaga na ƙasa, bai ga ko tsaga ba. Ya ce gobe ma a kawo.

Yaya ta juyo. "Auta, sauka. Duk kai za ka shigar, kuma a kai za ka ɗauka, yadda mutanen layi za su gan ka da kyau."

Ya ɗauka, yana dariya.

Kafin wani ya tona ni, maganar hular da ta tashi kan kwano ni na ƙara, ranar ko hula ban sa ba. Sauran duk haka aka yi.

Darasi: Fitilar da ta kama ba ita ce maƙiyiyarka ba, ciwon da take nunawa shi ne. Kada ka toshe bakin mai faɗa maka gaskiya, mutum ne ko na'ura. In ba ka sani ba ka ce ban sani ba, ka nemi taimako, ka daure ka bi matsala har tushenta, musamman in wani ya ɗora abincinsa a kan maganarka. Ku tura wa bakanikenku, ku tura wa duk wanda kuka san yana yawo da salatif a aljihu.